TAKAITACCEN TARIHI: YADDA UBANGIJI YA CIYAR DA MU SHEKARA 50

Yau ekklesiyarmu ta cika shekara 50. A Littafin Firistoci sura 25 Allah ya keɓe wa Isra'ilawa shekara ta hamsin, ya hana su shuka da girbi a cikinta, domin su sani ba ƙarfin hannunsu ke ciyar da su ba. Da wannan ido za mu dubi tarihinmu.

ZUWAN BISHARA

A watan Disamba na shekara ta 1893 samari uku suka sauka Ikko, wato Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Nufinsu su kawo bishara ƙasar Sudan. Ba wata ƙungiya da ta ɗauki nauyin albashinsu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ga idon mutum aikin ya mutu ke nan. Amma a 1902 mishan ɗin da muka sani da suna S.I.M. ya kafa tasha ta fari a Patigi.

Ƙasar Kano ba ta buɗe da wuri ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila na C.M.S. sun iso birnin Kano, Sarki Alu ya sallame su. Allah kuwa yana shiri a ɓoye. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa, sa'an nan cikin shekarun da suka biyo baya S.I.M. ta sami izinin aiki a lardin Kano. Ta fara da jiyyar kutare, a 1943 kuma ta buɗe Asibitin Ido na Kano. Aka kafa tashoshi a Roni, Karaye da Kabo, da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. Maganar Allah ta riga masu wa'azi shirya cikin harshenmu. Wannan shi ne tanadi na fari.

SHEKARUN FARI

Iyayenmu na ƙauyukan Gwarzo da Kabo, waɗanda ake kira Maguzawa, manoma ne na gaske. Sun daɗe suna jin bishara a ɗakin magani da kasuwa, amma kaɗan suka karɓa. Sai ga farin 1973, rumbuna suka bushe. A 1975 cuta ta faɗa wa gyada, wadda da kuɗinta ake biyan haraji, ake yin aure. An yanka kaji da awaki a wurin tsafi, ba abin da ya sake. Cikin wannan ƙunci gidaje da yawa suka juyo ga Almasihu, wani lokaci maigida da iyalinsa duka.

A 1976 S.I.M. ta miƙa ragamar aiki ga E.C.W.A., wadda aka kafa tun 1954. Gwamnati kuma ta karɓi makarantun mishan a waɗannan shekaru. Waɗansu suka ce da Turawa sun tafi, ekklesiya za ta watse. Ba ta watse ba. Masu bishara na E.M.S., 'yan ƙasa, suka zauna a tsakaninmu da ɗan abin da ikilisiyoyin kudancin Zariya da Filato ke aiko musu. Mu muka nome musu gona, su suka koya mana karatu da fitilar kwai. Majami'armu ta fari inuwar itace ce, ta biyu ɗakin kara da ciyawa, ta uku ginin ƙasa da muka kwaɓa da ƙafafunmu.

A 1983 ciwon bushiya ya kashe shanu, a 1984 fari ya komo. Zumuntar Mata suka riƙa ɗibar tafi ɗaya na gari kafin su ɗora tukunya, su tara wa gwauraye da gidan fasto. Kamar tulun gwauruwar Zarefat, bai cika ba, bai kuwa ƙare ba. Muna kuma tuna da maƙwabtanmu Musulmi da suka ba mu rancen hatsi har kaka. Allah yakan aiko da taimako ta hannun wanda ya ga dama.

ABIN DA KE GABANMU

Allah bai taɓa yi mana ruwan kuɗi daga sama ba. Ta hannun talakawa masu bayarwa ya bi da mu. Yau muna da rufin kwano, muna da 'ya'ya malamai da ma'aikatan jiyya. Amma taki ya yi tsada, samarinmu suna tafiya birni neman aiki, akwai kuma ƙauyuka kusa da mu da ba su da mai bishara. Iyayenmu sun bayar daga rumbun da ba kome. In mu da muke da dami muka riƙe hannu, wa zai rubuta tarihin shekara 100?

Sama'ila ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer domin tunawa da taimakon Ubangiji. Bari baikonmu na godiyar kaka ta bana ya zama namu dutsen. Ubangiji ya sa mana albarka duka. Amin.