Kakin Ganye da Tarihin Kurmin Gulbin Maraɗi

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, kurmi ya zame musu garkuwa. Gatari da fari sun cinye yawancinsa, amma kakin da ke jikin ganye yakan yi shekaru dubbai cikin laka, kuma sinadarinsa yana rarrabe ciyawa da itace. Da shi masana suka nuna a 2018 cewa kurmin tafkin Barombi Mbo na Kamaru ya ja baya wajen shekara 2600 da suka wuce. Lakar gulbi kuwa ambaliya takan dama ta, irin ta 1945 wadda ta tashi tsohon garin Maraɗi. Saboda haka wajibi ne a rubuta sunayen itatuwa da na wurare daga bakin dattawan Tsibiri da Jiratawa tun suna raye.