Waziri Junaidu da Taskar Littattafan Sakkwato

Cikin ma'aikatan En'e ta Sakkwato da wuya a sami wanda ya yi wa tarihi hidima kamar Waziri Junaidu. An haife shi cikin 1906, watau shekara 3 bayan Turawa sun ci Sakkwato. Ɗan Waziri Buhari ne, daga zuriyar Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u 'yar Shehu. Ya fara da aikin malanta, sa'an nan Sarkin Musulmi Abubakar ya naɗa shi Waziri cikin 1948.

Littattafan Shehu da Abdullahi da Bello, da wasiƙun sarakuna, duk rubutun hannu ne, ga gara, ga gobara, ga magada waɗanda ba su san darajarsu ba. Takarda kuwa in ta salwanta, labarinta ya bi ta. Abin da Waziri ya gada ya adana, abin da ya warwatsu ya nema ya tara. Daga cikinsu ya tsinto labarun daular, ya shirya Dabɗul Multaƙaɗati da Larabci, ya kuma rubuta Tarihin Fulani da Hausa saboda waɗanda ba su jin Larabci. Bai rufe taskarsa ga mai neman ilmi ba. A nan Bature Murray Last ya yi nazarin littafinsa na tarihin Daular Sakkwato, wanda aka buga cikin 1967.

Ya rasu cikin 1997, Allah ya jiƙansa. To, 'yan'uwa ma'aikata, takardar da ke hannunku yau ita jikoki za su nema gobe. Sai a kula.