Gyaran Da Ba Ya Share Sawu

Yau mun ɗan ajiye labari gefe guda, tarihi za mu taɓa, kuma tarihin wata matsala ce da ta daɗe tana ci wa masu rubuta manhajar kwamfuta tuwo a ƙwarya.

Ga yadda take. Mutane da yawa suna aiki a kan rubutu guda, kowa na sa hannu. Sai wani ya kawo gyara, a karɓa a adana, bayan wata shida kuma a gano ashe gyaran nan ne ya ɓata miyar. To yaya za a yi da shi? A kankare shi kamar ba a taɓa yi ba, ko kuwa a bar shi a wurinsa a rubuta a gabansa cewa an janye?

Tun a 1972 wani mai suna Marc Rochkind na kamfanin Bell Labs a Amurka ya ƙirƙiro SCCS, wato wani rumbu da ke riƙe kowane sauyi da aka yi wa rubutu, da sunan wanda ya yi da ranar da ya yi. A 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS, sai Dick Grune na ƙasar Holan ya biyo da CVS a 1986, wanda ya ba mutane da dama damar yin aiki lokaci guda. Da Subversion ta zo a shekarar 2000, kowace ajiya sai ta samu lambarta a jere. Idan ajiya ta 50 ce ta kawo ɓarna, ba a goge ta, sai a juya abin da ta yi a sake adanawa da sabuwar lamba.

A watan Afrilun 2005 aka janye wa masu aikin Linux izinin amfani da BitKeeper kyauta, wanda shi ne rumbunsu a lokacin. Jagoransu Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, ya zauna ya rubuta nasa ya sa masa suna Git, kafin ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano a watan Yulin shekarar. Dabarar Git ita ce kowace ajiya tana da hatiminta, kuma ana lissafa hatimin ne da abin da ke cikinta haɗe da hatimin wadda ta gabace ta. Ka ga ke nan sarƙa ce. Ka taɓa ɗaya ta baya, duk hatiman da suka biyo ta sai sun sauya, kuma duk mai kwafin rumbun zai ga nasa da naka sun saɓa.

Saboda haka hanya biyu ce a gaban mai son gyara. Akwai umarnin da suke kira reset, mai ja da rumbu baya ya zubar da abin da ya biyo. Akwai kuma revert, ni kuwa warwara nake ce masa, domin sabuwar ajiya yake yi wadda za ta cire abin da tsohuwar ta ƙara, ta mayar da abin da ta cire, tare da gurbin da za ka rubuta dalilinka. Al'adar da suka tsaya a kai ita ce, abin da bai bar kwamfutarka ba kana iya kankare shi, amma wanda ya riga ya shiga hannun jama'a sai dai warwara. Magana zarar bunu ce.

Amfanin wannan al'ada ya fito fili a 2021. Wasu masu bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka sun aika wa Linux gyare-gyare masu ɓoyayyen lahani da gangan, da sunayen bogi, wai don su gwada ko masu tacewa za su gane, ba kuma tare da sun nemi izinin kowa ba. Daga baya suka rubuta takardar bincike a kai. Da wasu gyare-gyaren da ake shakka suka sake fitowa daga jami'ar, ran Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya ɓaci. A watan Afrilu ya haramta karɓar aiki daga jami'ar, ya kuma jera warwara har 190 ta gyare-gyaren da suka zo da adireshinta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Tunda ba a share komai ba, sai masu kula da sassa daban-daban suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka tarar mafi yawansu gyara ne na gaskiya, aka bar su a wurinsu, masu matsala kuma aka gyara ko aka janye. Masu binciken sun ba da haƙuri sun janye takardarsu. Da a ce cikin fushi aka kankare komai, da aikin masu gaskiya ya tafi tare da na masu laifi. Kuma kada ka ɗauka abin ya yi mana nisa, domin zuciyar Linux ɗin nan ita ce ke cikin kowace waya mai Android.

Ni dai a ganina, mai kankarewa sunansa yake karewa, mai warwara kuwa na baya yake wa tanadi. Wanda zai zo bayan shekara goma da irin wannan dabarar zai buɗe rumbu ya ga an taɓa gwadawa, ya ga wanda ya janye ta da dalilinsa, sai ya huta da sake faɗawa ramin. In ma janyewar ce ba daidai ba, ita ma ana iya warware ta a dawo da gyaran farko. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, a huta lafiya.