Tattara labarai da burauza marar fuska

Tattara labarai da burauza marar fuska wata hikima ce ta ma'abota ilmin kwamfuta, wadda a cikinta ake umartar manhaja ta buɗe shafukan jaridu na intanet ba tare da ta nuna kome a allo ba, ta yi haƙuri har umarnin JavaScript ya gama fito da matani, sa'an nan ta tsamo kanun labari da kwanan watansa da nassinsa ta adana, tamkar mai kala a gonakin shinkafar Kura bayan girbi.

Daga cikin manhajojin da ake wannan aiki da su, Selenium ta bayyana a 2004, PhantomJS a 2011, kana kamfanin Google ya fitar da Puppeteer a 2017, Microsoft kuma Playwright a 2020.

Fa'idar wannan hikima ga al'ummarmu ba ƙarama ba ce, domin ɗalibin da ke neman haƙiƙanin abin da aka rubuta game da noman rani a Kura da Bunkure, tun daga ruwan madatsar Tiga har zuwa annobar tsutsar tumatir ta 2016, zai iya haɗa cikin sa'o'i abin da da hannu sai ya shafe watanni. Daga labaran BBC Hausa ma aka ɗebi sashen Hausa na taskar matanin labarai mai suna XL-Sum a 2021.

Sai dai wajibi ne mai wannan aiki ya kiyaye amana, ya mutunta ƙa'idar robots.txt da aka shimfiɗa tun 1994 domin nuna wa manhaja sassan shafin da aka yarda ta shiga, kada ya ɗora wa shafi nauyin da ya fi ƙarfinsa, kada kuma ya ci haƙƙin marubucin da ya yi wahalar.