Jarka da Joji: Kalmomin Ingilishi Masu Harafin J a Bakin Mutanen Lolo

Idan malamin Ingilishi a Lolo ya ce wa ɗalibansa su kawo kalmomi masu farawa da J, abin da suka haddace a littafi za su jero masa: jump, joy, journey, justice. Da wuya a sami wanda zai ambaci jarka, alhali da ita ya ɗebo ruwa kafin ya taho makaranta. Yaron bai yi kuskure ba, domin a kunnensa jarka Hausa ce tsantsa. Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne, kalmar aro tana samun ma'anarta ne a wurin da ake aiki da ita, kuma gari irin Lolo, da ke ƙaramar hukumar Bagudo a bakin kogin Kwara, dab da iyakar Benin, ya isa a kafa hujja da maganar mutanensa kamar yadda ake kafawa da ta Kano.

Tarihin jarka ya cancanci a tsaya a kansa. Sojojin Jamus ne suka fara amfani da wani gwangwanin ƙarfe mai cin lita 20 a shekarun 1930. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Ingila suka ga ya fi nasu ƙarko, suka kwaikwaye shi, suka kira shi jerrycan, saboda Jerry shi ne laƙabin da suke yi wa Bajamushe. Da kalmar ta shigo Hausa sai aka datse ta, aka yar da baƙin ƙarshe, ta ƙare da wasalin a. Wannan wasali ya sa ta zama tamata, ake cewa jarkar nan ta cika, ta kuma sami jam'i irin na gida, jarkoki, kamar yadda taska ke ba da taskoki. Ƙarfen ma ya tafi. Jarkar yau ta roba ce, galibi rawaya mai cin lita 25, wadda ta fara rayuwarta da man girki.

A bakin iyaka kuwa ma'anarta ta wuce mazubi, ta zama ma'auni. Ana cinikin manja da jarka, mai ga-ruwa yana lissafin kurarsa da jarka, ɗan bumburutu yana faɗin farashin fetur da jarka. Shekaru da yawa tallafin mai ya sa fetur ya fi araha a Najeriya, sai jarkoki suka riƙa tsallakawa ta Madekali zuwa Malanbil a kan babura da cikin kwale-kwale, inda mutanen Benin ke kiran irin wannan mai kpayo. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, sannan a Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. A lokacin, wanda ke zaune a irin wannan tazara, ko don injin ban-ruwan shinkafarsa yake neman mai, dole ya je nesa ya sayo a jarka, kuma riƙe jarkar kansa ya isa a zarge shi da fasa-ƙwauri. Cire tallafin a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sake sauya lissafin. Babu ƙamus na Ingilishi da zai gaya maka cewa wannan kalma tana ɗauke da abinci da tuhuma a lokaci guda. A tsallaken iyaka, inda Faransanci ne harshen hukuma, abin nan dai sunansa bido, kuma ɗan kasuwar da ke zirga-zirga ya san wa zai ce wa jarka, wa zai ce wa bido, kamar yadda ya san inda fetur ke komawa isansi.

Joji ta bi wata hanya dabam. Hausa tana da alƙali tun kafin zuwan Turawa, don haka ba rashin kalma ne ya jawo judge ba. Sabon nau'in kotu ne ya zo, mai dokar Bature, aka bar wa alƙali shari'ar da aka sani, aka ba baƙon sunansa. Har yau kafofin labarai suna kai-komo tsakanin Babban Joji da Alƙalin Alƙalai idan suna maganar shugaban ɓangaren shari'a na ƙasa, kuma a ganina wannan kai-komo shaida ce cewa tsarin shari'a biyun ba su gama narkewa a tunanin jama'a ba.

Sauran kalmomin ba su da wannan nauyi. Jif, wato jeep, ta nuna yadda p ke komawa f a bakin Bahaushe, kuma ta faɗaɗa ta rufe duk wata babbar mota mai tudu, ko Toyota ce ta ƙera ta. Jesi ta tsaya ga rigar ƙwallo. JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, ta zama sunan jarrabawa kawai, har uwa da ba ta taɓa shiga aji ba tana addu'ar ɗanta ya ci jamb.

Akwai kuma abin da ke rushe tsarin bin harafi gaba ɗaya. Janar, janareta da Jamus duk da j muke rubuta su, amma da G suke farawa a Ingilishi. Haka jandarma, wanda matafiyi ke haɗuwa da shi idan ya haura Gaya ta Nijar, da G Faransawa ke rubuta shi. A ɗaya gefen, January ta ba mu Janairu, amma June da July suka zama Yuni da Yuli. Kunne ne ya yi aron, alƙalami ya biyo baya. Wanda ya tsara darasinsa bisa harafin Ingilishi zai raba kalmomin da Bahaushe ya haɗa, ya haɗa waɗanda ya raba.

Abin da ke damuna shi ne manyan ƙamusoshinmu, daga na Bargery na 1934 zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, Hausar Kano ce ma'auninsu, ko da sun kawo kalmomin wasu karuruwa. Yankin Illo da Lolo, inda Hausa ke gogayya da Dandanci, Zabarmanci da Fulatanci, ga Ingilishi ta gabas da Faransanci ta yamma, yana buƙatar masu nazari daga Sakkwato da Birnin Kebbi su je su zauna a tasha da bakin ruwa su saurara. Shigar jarka a ƙamus na gaba ya kamata ta faɗi litarta, ta faɗi cewa ma'auni ce a ciniki, ta kuma kawo bido a gefenta tare da bayanin inda ake faɗin kowace.