Barcin ɗalibi a ƙasar Arewa

Tun zamanin da Matankari take cibiyar sarautar Arewa, mutanen ƙasar ba su ɗauki rashin barci da wasa ba. Wanda dannau ya addaba, ko mugun mafarki ya hana shi runtsawa, akan kai shi wurin ƴan bori, a sa goge, a tambayi iskoki abin da suke nema. Da Musulunci ya ƙara ƙarfi a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, sai malamai suka karɓi jinyar da rubutu da tofi.

Makarantar boko kuwa ta sake wa dare fasali. Bayan kafuwar jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970, ƴaƴan Arewa suka koyi kwana kan takarda, da shayi mai ɗaci, duk lokacin jarrabawa. Daga shekarun 2000, ɗalibai mata a kwalejojin Nijar da dama suka riƙa faɗuwa cikin aji suna kururuwa. Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta nuna yadda jama'a suka danganta abin da iskokin da aka sare wa itatuwa don gina azuzuwa.

Likitoci na cewa matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma gazawarsa na ƙara damuwa da mantuwa. Magabata sukan tambayi yaro yadda ya kwana, su saurari amsar. Yau malamin aji ne ke fara ganin jajayen idanun ɗalibi, don haka tambayar ta dawo wuyansa.