Aikin Jinga ta Intanet: Yadda Kasuwannin ke Gudana da Abin da ke Shiga Aljihun Mai Sana'a

Aikin jinga ta intanet shi ne mutum ya sayar da ƙwarewarsa ga wanda ke buƙata, a kan ladan da suka shirya, ba tare da ya zama ma'aikacin albashi ba. Ana ƙulla cinikin ne a wasu shafuka da ke haɗa mai aiki da mai sana'a, ko da ɗaya yana Kano ɗayan yana Landan. Shafin yana tsayawa a tsakani kamar dillali a kasuwa: shi ke gabatar da su ga juna, shi ke riƙe kuɗin har a gama aiki, sannan ya cire la'adarsa.

Abin da ake sayarwa a nan aiki ne da ake iya aikawa ta kwamfuta: rubuta manhaja, gina shafin intanet, zanen tambari, tace bidiyo, fassara, rubutun talla, mayar da magana rubutu, lissafin kuɗin kamfani da kula da shafukan sada zumunta.

Asalin kasuwannin

Upwork, ɗaya daga cikin manyansu, ya samo asali ne daga kamfanoni biyu na Amurka, Elance da oDesk, waɗanda suka sanar da haɗewarsu a ƙarshen 2013, suka ɗauki sunan Upwork a 2015. Fiverr kuwa an kafa shi a 2010 a Isra'ila, kuma sunansa ya fito ne daga dala biyar da ake sayar da kowane aiki a farkon lamari. Matt Barrie ya kafa Freelancer.com a Ostareliya a 2009. Akwai kuma PeoplePerHour na Birtaniya, da Toptal da ke tantance mutum sosai kafin ya karɓe shi, da ProZ.com da ya keɓanta ga masu fassara.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa dandalin ayyuka na intanet, har da na sufuri da na kai saƙo, sun ƙaru daga 142 a 2010 zuwa fiye da 777 a 2020. A 2023 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa masu aikin jinga ta intanet a duniya suna tsakanin miliyan 154 da miliyan 435. Ya kuma ce ayyukan da ake tallatawa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun ƙaru da kashi 130 cikin ɗari tsakanin 2016 da 2020. Duk da haka, Indiya da Bangladesh da Pakistan su ne suka fi yawan masu wannan sana'a, kuma da su ɗan Najeriya zai yi gogayya a kan farashi.

Yadda ake ciniki

Hanyoyin ciniki biyu ne suka fi yawa. A Upwork da Freelancer.com mai aiki ne ke tallata abin da yake so, masu sana'a su miƙa tayi, kowa ya faɗi farashinsa da lokacin da zai gama. A Upwork miƙa tayin ma yana cin kuɗi, domin sai an kashe wasu maki da ake saye, kuma ba su dawowa don kawai an zaɓi wani. A Fiverr kuwa mai sana'a ne ke baje hajarsa da farashi, kamar mai shago, ya jira mai saye.

Biyan lada ma iri biyu ne. Idan jinga ce kai tsaye, mai aiki yana zuba kuɗin a hannun shafin tun kafin a fara, ba a sakar wa mai sana'a sai an karɓi aikin. Idan kuwa lissafin awa ne, Upwork yana da manhajar da ke ƙirga lokaci, tana kuma ɗaukar hoton fuskar kwamfutar mai sana'a sau ɗaya a cikin kowane minti goma, don ya zama shaida idan gardama ta taso.

Wannan riƙon amana shi ne babban amfanin dillalin. Mutumin da ke Bauchi ba shi da hanyar bin bashi a hannun wani da ke Kanada. Saboda haka duk mai aikin da ya ce a bar shafin a koma WhatsApp ko Telegram don a guje wa la'ada, yana neman raba mai sana'a da garkuwarsa ne. Yin haka ya kuma saɓa wa dokokin shafukan, yana iya jawo a rufe asusun mutum.

La'ada da abin da ke saura

Fiverr yana cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki. Upwork ya koma kashi 10 a 2023, sannan daga Mayun 2025 ya mayar da la'adarsa mai hawa da sauka, daga sifili zuwa kashi 15, gwargwadon irin aikin. Freelancer.com yana cire kashi 10 a ayyukan jinga, tare da mafi ƙarancin abin da ba ya sauka ƙasa da shi.

A ɗauki misalin aikin dala 100 a Fiverr. Dala 20 ta dillali ce, saura 80. Wannan 80 ɗin sai ta yi kwana 14 a hannun shafin kafin a iya cire ta, in ban da manyan masu sana'a da aka rage wa wa'adin zuwa kwana 7. Daga nan kamfanin da zai kawo kuɗin gida zai cire nasa, sannan a yi canji zuwa naira a farashin da sau da yawa bai kai na kasuwa ba. Kafin a kira abin da ya rage riba, sai an fitar da kuɗin data da na wuta ko man janareta.

Waɗannan ma sun hau. A Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wutar lantarki ga masu rukunin farko zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Abin da ke jan hankalin matasa duk da haka shi ne darajar dala. Kafin Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji a Yunin 2023, ana sayar da dala kusan naira 460 a hukumance. Zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. A wannan farashi, dala 50 ta zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Sai dai albashi yana zuwa kowane wata, jinga kuwa wata ta samu, wata ta rasa.

Karɓar kuɗi da haraji

PayPal ya shigo Najeriya a 2014, amma ya shafe shekaru yana ba masu asusu damar biya kawai ba tare da karɓa ba. Wannan ya sa yawancin masu sana'a suka dogara da Payoneer, ko da asusun ajiyar dala na bankunan gida. Daga baya wasu kamfanoni irin su Grey da Raenest sun fito da asusun kuɗin waje da ake buɗewa ta waya. Kowace hanya tana da kuɗinta da farashin canjinta, don haka a kwatanta kafin a zaɓa. Dole ne kuma sunan da ke asusun banki ya yi daidai da na asusun shafin da na katin shaida.

Kuɗin jinga ba su kuɓuta daga haraji ba don sun fito daga waje. Mazaunin Najeriya yana biyan harajin abin da ya samu ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune. Dokar Haraji ta Najeriya da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara. Ajiye lissafin kowane ciniki yana sauƙaƙa wannan.

Suna shi ne jari

Bayan kowane aiki mai saye yana ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta ra'ayinsa. Da wannan ne shafin ke yanke wanda zai nuna a sama da wanda zai bari a ƙasa. Sabon shiga ba shi da tauraro, don haka aikin farko shi ya fi wuyar samu, yana iya ɗaukar makonni ko watanni. Abin da ke taimaka masa shi ne ya tsaya a kan sana'a ɗaya, ya nuna samfurin aikin hannunsa, ya rubuta tayin da ke nuna ya karanta buƙatar mai aiki, ya kuma cika alkawari a kan lokaci.

Amma wannan suna a hannun dillali yake. Ba a ɗaukar taurarin Fiverr a kai Upwork, kuma idan aka rufe asusu, aikin shekaru ya tafi. Babu fansho, babu hutun rashin lafiya, babu kuɗin sallama. Abubuwan da suka fi jawo rufe asusu su ne buɗe asusu biyu, ɓoye ƙasar da mutum yake, sayen asusun wani ko ba da hayar nasa, da miƙa aikin sata.

Damfara

Alamominta sanannu ne. Duk wanda ya nemi kuɗin rajista ko na horo kafin ya ba da aiki, ko ya nemi a yi masa babban aiki kyauta da sunan gwaji, ko ya ce ya yi kuskuren tura kuɗi da yawa a mayar masa da ragowar, ko ya nemi lambar sirri ta banki, a guje shi. Haka nan saƙonnin da ke alkawarin biyan kuɗi don danna hotuna ko bidiyo, daga baya a ce sai an zuba jari, ba su da alaƙa da wannan sana'a. Wanda ya bari aka bi da kuɗin haram ta asusunsa yana iya fuskantar Hukumar EFCC da Dokar Laifukan Intanet ta 2015.

Harshen Hausa da ƙirƙirarriyar basira

Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, ƙananan ayyukan rubutu da fassara da zane sun fuskanci matsi, domin mai saye yana iya samun abin da zai yi maneji da shi daga na'ura. Aikin da ke buƙatar hukunci da sanin al'ada shi ya fi tsayawa. A nan mai Hausa yana da abin da ɗan Dhaka ko Lahore ba shi da shi. Ƙungiyoyin agaji da na lafiya suna neman masu fassara saƙonni, kamfanonin fasaha kuma suna neman masu naɗar murya, masu mayar da magana rubutu da masu duba fassarar na'ura. Jin Hausa kaɗai bai isa ba. Sai da ƙa'idar rubutu, da haruffa masu lanƙwasa, da Turanci mai kyau na yin ciniki.

Ga mai neman koyon sana'ar fasaha, Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arzikin Zamani ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 tare da Hukumar NITDA, da nufin horar da 'yan Najeriya miliyan uku. Kafin mutum ya buɗe asusu a kowane shafi, ya kamata ya mallaki sana'ar da wani zai biya kuɗi a kanta, da kwamfuta, da hanyar wuta ta biyu, da katin shaida mai aiki, da guzurin da zai riƙe shi har kuɗin farko su iso.